Yadda ake koya wa yaro hawa babur mai ƙafa huɗu ba tare da an kwana a asibiti ba

Babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da wasu ke ce wa kwad, wasu ATV, yanzu kam ya fara yawa. Masu gona suna saye dan zagaye, masu hali suna saya wa yara kyauta in an yi hutu, ga na haya a wuraren shaƙatawa da bakin teku a Legas, waɗanda suka je Dubai kuma sun san yadda ake hawansa cikin rairayi. Ni a gona na saba da shi, na kuma koya wa yara da samari da dama na gida da na maƙwabta, to yadda nake yi shi zan faɗa maka tun daga kaya har zuwa ranar da yaro zai fita fili.

Abin da zan fara ja maka kunne a kai, ƙafa huɗun nan yaudarar iyaye take. Uban da ko da wasa ba zai ba ɗansa ɗan shekara 10 mabuɗin Boxer ba, sai ka ga ya miƙa masa wannan yana cewa ai ba ya faɗuwa. Eh ba ya faɗuwa in yana tsaye, amma yana kifewa, kuma in zai kife kan wanda ke kai yake kifewa. Na yara mai inji 90cc ma ya wuce kilo 100, na manya na aikin gona kuwa yakan kai kilo 300 har fiye. Kujerarsa tana sama, faɗinsa ba yawa, sannan mafi yawansu tayoyin baya biyu a kan ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa ko a kwana. Shi ya sa hawansa ya fi kama da hawan doki da a ce zaman mota, jikinka ne rabin sitiyarin, in ka zauna ka sandare shi zai yar da kai. Asalinsa ma mai ƙafa uku ne, Honda ta fito da shi a 1970, Suzuki ta kawo mai ƙafa huɗu a 1982, a 1988 kuma aka daina sayar da sabbin masu ƙafa uku a Amurka saboda yawan mace-mace da raunuka. A Ostireliya inda manoma ke kiwo da shi, tun Oktoban 2021 dole sabon na aiki ya zo da ƙarfen kariya a baya dan kar ya danne mutum in ya kife.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Hular kwano mai rufe haɓa, daidai kan yaron, ba taka da za a ce ai zai girma ya cika ta ba. Ka duba bayanta ka ga alamar DOT ko ECE, wato shaidar an gwada ingancinta. In ya saka ka ɗaure igiyar haɓa, ka kama hular da hannu biyu ka juya hagu da dama, fatar goshinsa da kumatunsa su riƙa bin hular, in hular na yawo kan na tsaye to ta yi masa yawa. Hular masu gini ta roba da hular keke ba sa cikin lissafi. Ta gwanjo kuma ka yi hattara, farin soson nan mai tauri na ciki sau ɗaya yake aiki, in ta taɓa buguwa da ƙarfi ta gama yi ko da wajenta na ƙyalli. Duk sauran kayan akwai dabarar da za a yi in babu, hula ce kawai babu, ranar da ba hula ba hawa.

Tabarau na roba mai madauri saboda ƙura da ƙwari da reshe. In babu, farin gilashin roba da masu gurza ƙarfe ke sakawa yana yi. Baƙin gilashin gayu na kwalba kar a saka, in ya fashe cikin ido zai shiga.

Takalmi mai rufe idon sawu mai ɗan dunduniya dan ya kama matakin. In babu, kambas mai tsawo a ɗaure igiyar a cusa ta ciki. Silifas da takalmin fata na zuwa masallaci a bar su a gida.

Wando mai kauri kamar jins, riga mai dogon hannu, safar hannu ko da ta aikin gona ce. Ban da jallabiya, ban da doguwar kaftani, ban da gyale ko dogon hijabi mai jan ƙasa, kowa ya san abin da ke faruwa in mayafi ya shiga tayar ɗan acaɓa, to nan ga ceni ga ƙarfen baya duk a buɗe suna juyawa. Yarinya ta saka wando da ƙaramin hijabi a cusa shi cikin riga sannan hula a sama, shikenan.

Na babur ɗin kuma: gejin iska na ƙaramin awo, famfon hannu ko na ƙafa, sifanu, sukundireba, man ceni, abin toshe facin taya marar tib. Sai robobin ruwa da aka shanye guda goma ko fiye a zuba musu yashi dan alama, usur ɗaya, ruwan sha, bandeji da auduga, da waya mai caji.

MATAKI NA 1: Ka tabbata babur ɗin na shekarunsa ne kuma na jikinsa

Jikin kowane babur na kirki akwai takarda manne da ke nuna shekarun da aka yarda a hau. A tsarin Amurka da manyan kamfanoni ke bi, akwai Y-6+ na ’yan shekara 6 zuwa sama, ana sayar da shi a ɗaure kan kilomita 16 a awa, in an sake shi gaba ɗaya ba ya wuce 24. Y-10+ da Y-12+ a ɗaure 24, a sake 48. Akwai mai alamar T na ’yan 14 da ke kaiwa 61. Duk sauran na ɗan 16 ne zuwa sama. Tsohon lissafin da injin ake yi, ƙasa da 70cc na ’yan 6 zuwa 11, 70 zuwa 90cc na ’yan 12 zuwa 15. Ƙasa da shekara 6 babu nasa kwata-kwata. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma cewa take kar ɗan ƙasa da 16 ya hau ko wane iri, kuma ban ga laifinsu ba tunda su ake kai wa yaran. In ba ka saya ba tukuna kuma za ka iya jurewa naci, ka jira. In kuwa yana gida, to a bi ƙa’ida.

Shekaru kaɗai ba sa isa, ka gwada jikin. Ya miƙe tsaye kan matakai biyu ya riƙe kan babur, a samu tazarar kamar faɗin tafin hannunka tsakanin kujera da wandonsa. In ya zauna cinyarsa ta kwanta, tafin ƙafa ya zauna daram, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Ya murɗa kan har ƙarshe hagu da dama ba tare da hannu ɗaya ya saki ba. Ya miƙa yatsu, gaɓar farko ta yatsan tsakiya ta wuce hannun birki, kuma ya matse shi har ƙarshe da hannu ɗaya. Wanda ya faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan babur ɗin ya fi ƙarfinsa.

Sai hali. Yaron da in ka ce tsaya sai ya ƙara taku uku kafin ya tsaya, wanda bai iya keke da kyau ba, wanda in ya ga ’yan’uwansa sai kansa ya ɗau caji, bai kai ba ko da tsawonsa ya kai. Kai ka san ɗanka.

Kuskuren da aka fi yi a nan, a ce yaro ya ɗan taɓa na babansa a cikin gona tunda ba mota. Yawancin yaran da abin ke kashewa a kan na manya suke.

MATAKI NA 2: Duba babur kafin kowane hawa, yaron na tsaye yana kallo

Fara da taya. Iskarsa kaɗan ce ƙwarai, galibi tsakanin 3 da 7 a awon PSI, alhali ta mota tana wuce 30, adadin naka na rubuce a jikin babur. In ka tura yaro wajen mai faci ba ka faɗa ba zai cika ta tam kamar ta Keke Napep, babur ya koma tsalle, ba ya kama ƙasa. Gejin mota ma ba ya karanta ɗan wannan awon, shi ya sa na ce ka sayi ƙaramin. In ba geji ko kaɗan, ka danna kowace taya da gwiwarka ka ji ta ɗan lotsa, kuma hagu da dama su zo ɗaya, dan in ɗaya ta fi laushi babur zai riƙa ja gefenta.

Totur nasa ba murɗawa ake ba, ɗan ƙarfe ne ake dannawa da babban yatsan dama. Danna ka saki, ya dawo da kansa ƙas, ka gwada kan na miƙe, ka gwada an murɗe shi hagu, an murɗe dama. In ya maƙale ko sau ɗaya ba a hawa sai bakanike ya gani. Matse birkin gaba ka tura babur, matse na baya ka tura. Gwada makashin inji, jan maɓallin nan na hannun hagu. Duba bakin mai da fetur, leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Ceni kar ya yi sako-sako kar ya bushe. Kama kowace taya ka girgiza, ka bi notuna da sifana musamman ƙananan na China da ake haɗawa daga kwali, notunansu suna kwancewa tun suna sababbi. Lokacin hunturu ka riƙa buɗe matatar iska kana wankewa, ƙura na toshe ta da wuri.

Bayan ’yan kwanaki sai ku yi musanya, shi ya duba kai ka kalla.

MATAKI NA 3: Ɗaure gudun

A jikin akwatin totur, hannun dama, akwai wani dogon sukuru da noti a gindinsa. Sassauta notin, murɗa sukurun ciki, ƙara ɗaure notin. Iya shigarsa ciki iya ragin gudu. Ranar farko ka ɗaure shi yadda in kana sassarfa a gefe za ka kamo babur ɗin. Wasu na yara suna da igiya a baya da babba ke riƙewa, in ya fizge inji ya mutu, wasu kuma rimot ne, ka gwada su kafin yaro ya hau ba bayan ya hau ba. In naka ba shi da sukurun, bakanike zai iya sa masa abin tokare totur, in mai giya ne kuma a bar shi a giya ɗaya. Kuma ka riƙa duba sukurun nan lokaci-lokaci, samari sun san inda yake tun kafin kai.

MATAKI NA 4: Fili

Shimfiɗaɗɗen fili na ƙasa mai ɗan tauri, kamar rabin filin ƙwallo. Ka zaga shi da ƙafa tukuna, kana neman rami, kututture, tsohuwar rijiya, shuri, waya, igiyar da aka ɗaure akuya. Ba kwalta ba, ba tsakar gida mai siminti ko intalok ba. Ƙanne da ’yan kallo a bayan layi ɗaya, a ja layin a ƙasa. In ’yan kallo sun yi yawa ma ka ɗaga koyon zuwa gobe da sassafe, yaro ba ya koyon komai in ana masa tafi.

MATAKI NA 5: Darasin farko inji a kashe

Yara ba sa son wannan, amma ka daure. Ya hau daga hagu, birkin ajiyewa a kulle. Ka kira sunan abu ya taɓa ba tare da ya kalla ba, birkin gaba, birkin baya, makashi, totur. Ka sani wasu baburan birkin gaba na dama na baya na hagu da ƙafa, wasu kuma hannu ɗaya ne ke kama duka, ka karanta naka kafin ka koya wa wani. Sai ka sa firi ka tura shi daga baya, ka busa usur ya taka birki. Ku yi ta yi har ya zama usur da birki tare suke zuwa. Ku yi yarjejeniya, usur ɗaya tsaya, hannu sama kashe inji.

A nan za ka dasa masa doka mafi tsada: ƙafa ba ta sauka daga mataki in babur na tafiya. Yaron da ya saba da keke in ya ji zai faɗi ƙafa yake sawa a ƙasa, to a nan tayar baya na daidai bayan dunduniyarsa, tana kama ƙafar ta hau kai ta janyo shi ƙasa. Hannu biyu a kai, ƙafa biyu a mataki, ko da me.

MATAKI NA 6: Tayarwa, tafiya, tsayawa

Jerin ɗaya ne kullum, birki a kulle, buɗe mai da mabuɗi, giya a firi, makashi a kunne, cok in inji ya yi sanyi, sannan sitata. Inji ya ɗan yi ɗumi a rufe cok, kar a tafi da shi a buɗe dan yana sa inji ya riƙa ja da kansa.

Ka ajiye roba ɗaya taku ashirin a gabansa. Ya saki birki, ya danna totur a hankali kamar ba ya so, ya je daidai robar ya saki totur ya matse birki biyu tare a hankali. Idonsa a gaba inda za shi, ba kan tayar gaba ba. Kana gefensa na hagu kana tafiya. Abin da zai faru shi ne in ya tsorata zai damƙe kan babur da ƙarfi, damƙar nan kuwa ita ke danna totur har ƙarshe, shi ya sa muka ɗaure sukuru. In ya yi haka kar ka yi masa tsawa, ka kashe inji ka nuna masa abin da yatsansa ya yi. Kar a matsa gaba sai yana tsayar da taya dab da roba duk lokacin da ka ce, har da tsayawar ba-zata in ka busa usur a tsakiyar hanya. Ribas in akwai a bar shi sai can gaba, kuma kullum a hankali ana waiwaye.

Minti ashirin zuwa talatin ya isa zama ɗaya, yatsa na gajiya, kan ma na gajiya.

MATAKI NA 7: Kwana

Nan ne ake kifewa, dan haka nan za ku fi daɗewa. Na ce maka tayoyin baya tare suke juyawa, to babur ɗin miƙewa yake so, in za a sha kwana dole tayar baya ta ciki ta ɗan yi sauƙi ta zame kan ƙasa. Kuma shi ba ya kwantawa cikin kwana kamar babur mai ƙafa biyu, waje yake son zubewa. Mai hawa ne zai gyara wannan da jikinsa.

Yadda ake yi: rage gudu tun kana miƙe kafin kwanar, ba a cikinta ba. Kalli inda kake son fita. Matsa gaba kaɗan a kujera, ka zame mazauninka zuwa gefen da za ka juya, kafaɗa da kai su bi, ƙafar waje kuma ta danne mataki. Murɗa kan, riƙe totur daidai wa daida, sai babur ya miƙe sannan ka ƙara. Kwanar hagu jiki hagu, kwanar dama jiki dama. Ka tsaya a bayansa ka duba, in za shi hagu ya kamata ka ga gefen dama na kujerar a fili. In mazaunin na tsakiya kai kawai ya karkace, bai yi komai ba, ado ne.

Ka jera robobi ka yi babban da’ira, ya zaga ta hagu har ya saba, sannan ta dama. Za ka ga dama ta fi ba shi wuya saboda hannun totur na matsowa jikinsa, hagu kuma hannun na nisa yatsa na zamewa. Bayan nan robobi biyu ya riƙa zana 8 a tsakaninsu, nan zai koyi sauya jiki daga gefe zuwa gefe. Daga ƙarshe a jera su layi ɗaya ya riƙa saƙawa. Kana rage tazarar a hankali, gudun kuma yana nan yadda yake.

In tayoyin ciki suka fara ɗagawa, ya ƙara kwantawa ciki, ya sassauta totur a hankali, ya ɗan buɗe kwanar. Ba birki da ƙarfi, ba sa ƙafa. Ka sa ya faɗa maka wannan da bakinsa har ya haddace, dan lokacin da abin zai faru ba lokacin tunani.

Sukurun gudu kuma rabin murɗi ake saki, bayan ka ga 8 ɗinsa ta yi kyau kwana da kwanaki, ba dan ya yi magiya ba.

MATAKI NA 8: Tudu da gangara

Ku fara da ɗan tudun da keke ke hawa ba wahala. Littafin wasu kamfanoni ya hana na yara hawa abin da ya wuce digiri 15, na manya 25, kuma tudun da ido ke raina shi sau da yawa ya wuce haka. Doka ɗaya ce ta haɗa duka, nauyin jiki kullum gefen sama.

Hawa: miƙe sak, ba a karkace ba, ƙaramar giya, matsa gaba ko ka miƙe tsaye kan matakai ƙirji na kan babur, totur ba ƙari ba ragi. Dab da ƙololuwa a rage, ba ka san me ke bayan tudun ba, ko saniya ko rami ko wani babur. Gangara: matsa can baya hannu a miƙe, ƙaramar giya, birki a hankali, ba firi. In ka damƙe na gaba da ƙarfi a gangara bayan zai taso ya bi ta kanka. Ratsa gefen tudu kuwa ni ban yarda yaro ya yi ba sam, babba ma in dole ce sai ya kwanta gefen sama, in ya ji zai kife ya juya kan zuwa ƙasa.

In inji ya mutu a tsakiyar hawa, jiki gaba, matse birki, kulle na ajiyewa, sauka ta gefen sama, yaro ya tsaya gefe ya kira ka, kar ya ce zai juya shi. In kuwa ya riga ya fara komawa da baya, birkin gaba ne a hankali, kar a taɓa na baya kar a danna totur, ko wanne daga cikin biyun zai ɗaga gaban ya juyo da babur a kansa. Sai ya tsaya cik sannan a haɗa da na baya. In ya ƙi tsayawa ya diro gefen sama ya bar shi ya tafi, ƙarfe ne ana gyarawa.

MATAKI NA 9: Fita gona ko daji

Sai duk na sama sun zauna. Kai a gaba ko a baya inda kake ganinsa, tazara mai kyau saboda ƙura. Ɗan ƙasa da 16 ba ya fita ba babba, kuma babba ba yana nufin yayansa ɗan 17 ba. Kunyar gona da ƙananan itace a tunkare su sak a hankali, ya ɗan miƙe gwiwa a lanƙwashe. Doguwar ciyawar damina ba a gudu a cikinta tunda ba ka ganin ƙasa. Ruwa kar ya wuce matakin ƙafa, mai gudu kuma ko bai kai ba a haƙura, tayoyin nan masu faɗi suna sa babur ya taso ruwa ya ja shi. In an fito daga ruwa a ɗan riƙa matsa birki ana tafiya har ya bushe. A rairayi a sa doguwar tuta a baya dan na bayan tudu ya gan ka. Kusa da garke a rage ko a tsaya.

Abu biyu ba sassauci. Na farko goyo. Doguwar kujerar nan ba dan mutum biyu aka yi ta ba, dan mai hawa ya samu wurin matsawa gaba da baya ne, in ka ɗora ƙane a baya ka toshe wurin kuma ka ƙara nauyi a sama. Kai ma uba kar ka ɗora ƙaramin yaro a gabanka wai zagaye ɗaya, hannunsa na kaiwa totur. Na biyu kwalta. Mutane na ganin kamar titi ya fi daji lafiya, ba haka ba ne, a kwalta tayar ba ta samun zamewar da take buƙata, sai ta cije babur ya tuntsure, ga motoci. In tsallakawa ta zama dole babba ya tsallakar.

Samari kuma nasu daban ne, sun iya, iyawar ce matsalar. Ɗaga kan babur, hannu ɗaya ana ɗaukar bidiyo dan TikTok, ba aboki aro, hawa bayan magariba, rakiyar ango ko yawon sallah cikin gari. Ka faɗi hukuncin tun farko, wanda ya karya doka, mabuɗi ya dawo hannunka sati guda, kuma ka cika. In kana zargin shaye-shaye ko da na maganin tari ne magana ta ƙare.

In na haya ne a wurin shaƙatawa, minti biyu kacal, nemi hula, duba girman babur da na yaron, danna totur, matse birki, tambayi a ɗaure gudu. In suka ce ba hula ko ai kowa haka yake hawa, ka saya masa askirim ku wuce.

MATAKI NA 10: In an kife, da bayan an sauka

Kashe inji, ɗaga babur daga kansa. Kar a ɗago shi a zaunar ko a girgiza shi. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, a bar shi kwance a riƙe kan kar ya motsa, hula ma kar a cire sai in numfashi ya tsaya. A Najeriya ka kira 112, ko 122 na jami’an kiyaye haɗurra. Ko ya tashi yana dariya ka sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu, amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, ko ciwon ciki in kan babur ya soke shi, duk asibiti ne nan take dan jini na iya zuba a ciki ba a gani. Karaya a fara ɗaukar hoto kafin a je wajen mai ɗori. Ƙunar salansa ruwa mai sanyi ake ta zubawa minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Kuma ka gaya wa yara wanda ya faɗi ya zo ya faɗa ba duka ba faɗa, in ba haka ba za su ɓoye maka har sai abin ya yi nisa.

In an dawo lafiya a ajiye a wuri shimfiɗaɗɗe, a kulle birki, a rufe mai, ƙanne su yi nesa har salansa ta huce. A wanke taɓo, a sa wa ceni mai, a duba ƙaya a taya. Mabuɗi a aljihunka ko wajen mamansu, ba a rataye a ƙusa bayan ƙofa ba. Ƙananan na China kuma ana tada su ko ba mabuɗi in an haɗa waya biyu, to su sarƙa da kwaɗo ake sa musu a tayar baya, ko ka cire kan batir ka shiga da shi ɗaki.